Tagar Gudun Wuta

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da zai sa mutum ya haƙa rami ya shiga da ransa. Zafi ya haura digiri 40, ba wuta, fanka ta zama ado. Shi ya sa da na tashi ƙara ɗaki a gidana na Mabera, na ce wa magini a yi shi a ƙarƙashin ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, Mabera hwa muke." Na ce na sani, ai ni na sayi filin.

Ɗaki kam ya yi. Sanyi kamar cikin randa. In na shiga bayan azahar sai an taso ni la'asar.

Ina cikin wannan daula sai babban ɗana ya dawo hutu daga jami'a da iliminsa. Wai ɗakin da ke da mafita guda tarko ne, in wuta ta kama ta wajen matakala shi ke nan. Wai a Amurka doka ce, duk ɗakin kwanan da ke ƙarƙashin ƙasa sai an yi masa tagar da babban mutum zai iya fita ta cikinta, kuma kada ta wuce inci 44 daga daɓe. Tunda tagar a ƙasa take, sai an haƙa rami ta waje, a gina gefensa ya ɗara ƙasa tsawo, a zuba tsakuwa a gindi, a sa bututun da zai janye ruwa, a yi masa murfi. Na yarda da taga, na yarda da rami. Tsakuwa da bututu da murfi na ce a dakata, don wanda ya rubuta dokar bai san kuɗin tifa guda ba.

Aka fasa bango, aka zuba linta da simintin Kalambaina. Mai walda ya kawo taga, sai ga ta da ƙarafuna a gicciye, ko mage sai ta rage ciki. Na ce, Malam, ta gudu ce fa. Ya ce, "Alhaji, taga ba ƙarhe? Ɓarayi kaka yi ma ƙohwa?" Muka sasanta a kan ƙarfe mai buɗewa da makulli. Makullin na ba uwargida ta adana, ita kuma ta adana shi adanawa ta gaskiya.

Ranar gwaji na cire babbar riga na kutsa. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, tumbi ya ce shi yana nan. Yara biyu na jan hannu ta waje, magini na turin ƙafa ta ciki, maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Da aka zare ni, magini ya sake ɗora awo ya ce, "Tagag ga daidai take, Alhaji ne yaf fi awo."

Saura hana ruwa. Surukina, tsoho mai ran ƙarfe, ya ce a yi laso irin na da: katsi daga marina, gashin jima, da dafara, ko a samo makuba ta ɗorawa. Ɗana ya ce wannan na soro ne, inda ruwa ke zubowa ya wuce, bangon da ke binne kuwa kwalta ake shafa masa ta waje. To waje an riga an cike shi da ƙasa, tonewa wani kuɗi ne. Na tambayi magini ko ana iya shafawa ta ciki. Ya ce kwalta kwalta ce. Aka shafe ɗaki baƙi ƙirin, wari ya kore ni har damina ta faɗi.

Daren da na koma, cikin Agusta, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ashe indararon soro bakinsa daidai kan ramin yake, tsakar gida ma nan ta gangaro. Na farka na haska tocila, sai ga ruwa ya kai rabin gilashi, wani kwaɗo ya manne yana kallona. Na sauke ƙafa na ji tsulum. Kwaltar bango duk ta yi bororo, don ruwan daga baya yake turo ta, tana fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar katako ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Na ƙwala wa uwargida kira ta kawo makullin taga. Daga saman matakala ta amsa, "Malam, ba kac ce ta wuta ce ba? Wanga ruwa na."

Da taɓarya aka ɓalle ƙofar.

Gari na wayewa unguwa ta cika gidan, ana jaje ana ƙunshe dariya. Wani ya rantse bai ga ruwa haka ba tun ambaliyar 2010 da ta yanke gadar jami'a. Jar akuyar uwargida ta zo leƙe ta faɗa ramin, aka bar ni da jiƙaƙƙiyar katifa aka koma ceton akuya. Ni dai har gobe laifin indararo nake gani, kuma na sa an juya masa baki.

Da hantsi magini ya iso karɓar cikon kuɗinsa. Ya tsaya bakin ramin, ya zura sanda ya auna zurfin ruwan, ya jinjina kai. Sannan ya ce, "Alhaji, lissahinmu na ɗaki na. Kuɗin rijiya daban."