Naman Layya a Bakin Ƙofa

Ranar Babbar Sallah na ɗauki cinyar rago na nufi gidan maƙwabcina a nan Jidda. Shekara huɗu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na danna ƙararrawa, sai wata 'yar na'ura a jikin bango ta ce, "Min?" Na faɗi sunana. Muryar ta sa albarka, ta ce in ajiye a nan, direba zai ɗauka. Na juyo kamar almajirin da aka ba haƙuri.

Ƙofar baƙin ƙarfe ce, doguwa, an zana mata furanni masu ruwan zinare, ga kyamara a samanta, babu ko 'yar huda. Daga ciki ake danna maɓalli ta buɗe da kanta. Kuma biyu ne: ta maza tana kai baƙo majalisi kai tsaye, ta iyali tana can gefe.

Ban ce Larabawa ba su san ƙofa ba. Ta Ka'aba, wadda Sarki Khalid ya sa aka ƙera a 1979, ta ci zinare wajen kilo 280. A Balad, tsohon garin Jidda da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014, ƙyauren katako ne masu sassaƙa, da tagogin roshan inda mace ke kallon titi ba wanda ya gan ta. In Balarabe ya buɗe maka kuwa, gahawa da dabino sai ka ture. Amma fa sai ya buɗe ɗin.

Mu zaure ya raba wannan gardama tuntuni. Ba ka shiga gida ba, ba a kuma shanya ka a rana ba. Ka aika yaro, "wai ana sallama da maigida," kafin ya fito an shimfiɗa tabarma.

Na san za a ce ai Kano ma yanzu get ne ko'ina. Mu ɓarayi suka sa mu, su fa?

Ko da yake bara da na je gida, zauren Baba ya zama shagon cajin waya, get ya maye gurbin ƙyauren. Da kuɗin da na aika aka yi, ni na ce wa Yaya a zaɓi mai kauri. Na yi ta bugu da dutse, tsakar gida ta yi nisa, ba wanda ya ji. Na ce masa, "Yaya, in hayar mai shagon ta ƙare, kada a sabunta." Ya ce yaron ya biya ta shekara biyu.