Gidan reno: kowace shekara da irin buƙatarta

Idan iyaye suka fita neman gidan renon da za su kai ɗansu, abin da ya fi ɗaukar musu hankali shi ne kyan gini, da lilo a tsakar fili, da alƙawarin cewa yaron zai iya karatu da rubutu tun kafin sa'o'insa. Masu gidajen renon sun daɗe da gano wannan lagon. Shi ya sa ake ganin ɗan shekara biyu goye da jakar da ta fi ƙarfinsa, a ciki har da aikin da aka ba shi ya yi a gida, alhali yatsunsa ba su isa riƙe fensir ba. A ganina wannan ma'aunin yana cutar da yara. Jariri ɗan wata shida, da ɗan shekara biyu mai ƙiriniya, da ɗan shekara huɗu mai tambayar tsiya, kowannensu da aikin da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suka sa a gaba. Gidan reno nagari shi ne wanda ya san wannan aikin, ya kuma samar da babba mai lokacin taya yaro yin sa.

Maganar ba ƙarama ba ce. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 350 da ba su kai shekarun shiga firamare ba suna buƙatar reno amma ba su samu ba. Iyaye mata na ƙara fita aiki, birane na ƙara cika, don haka gidajen reno za su ci gaba da yawaita ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage a yi muhawara a kai shi ne irin renon da za a yi a cikinsu.

Jariri aka fi yi wa sakaci. Ana ɗauka cewa in dai ya ƙoshi, an canza masa kunzugu, ya yi barci, to an sauke nauyi. Amma cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard ta ce a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sabbin mahaɗan jijiyoyi sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma waɗanda aka fi amfani da su ne suke ɗorewa. Jariri kuwa ba ya amfani da su sai ta hanyar mu'amala da mutum. Dubi mai reno tana canza wa 'yar wata bakwai kunzugu. Jaririyar ta ɗaga ƙafa ta ce "ba", ta kafe matar da ido. Matar ta dakata, ta kama ƙafar ta ce, "Ƙafa ce, ƙafarki ce wannan," sannan ta yi shiru tana jira. Jaririyar ta wutsil-wutsil, ta sake cewa "ba-ba", matar ta amsa da dariya. Abin bai kai minti ɗaya ba. Amma a cikinsa yarinyar ta ji kalma daidai lokacin da hankalinta ke kan abin da kalmar ke nufi, ta fara gane cewa magana karɓa-karɓa ce, ta kuma tabbatar cewa in ta motsa akwai mai kula.

Na'ura ba ta iya wannan aikin. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji da suka yi da jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da ake magana da Turanci. An haɗa wasu da masu jin Sinanci na Mandarin, suka yi zama 12 ana yi musu wasa da karatu. Wasu kuma aka nuna musu mutanen a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, na bidiyo kuwa ba su ƙaru da komai ba. Duk gidan renon da ya kunna wa jarirai talabijin ya ce yana koya musu harshe, ya kamata a tambaye shi hujjarsa.

Daga nan lissafi ya shigo. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take goyon baya ita ce mai reno ɗaya ga jarirai 3 'yan ƙasa da shekara guda. Mace ɗaya da jarirai goma, komai tausayinta, ba abin da za ta iya sai bin wanda kukansa ya fi ƙarfi. Mai haƙurin cikinsu kuwa sai ya wuni kwance yana kallon rufi, a ce yaron kirki ne, ba shi da rigima. Duniya ta ga ƙarshen wannan hanya a gidajen marayun Romaniya. Binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a 2000 ya bi yara 136 da ke irin waɗannan gidajen, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka fitar sun fi waɗanda aka bari basira da iya shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 sun fi kowa farfaɗowa. Ba ina kwatanta gidajen reno da waɗancan wuraren ba ne, nisan da yawa. Darasin dai shi ne abinci da gado ba su isa raya ɗan'adam ba.

Akwai kuma ƙiwa, wadda kan bayyana wajen wata takwas. Mutane na ganin ta aibu ce, alhali alama ce ta cewa jariri ya san nasa. Don haka gidan renon da ya san aikinsa kan ware wa kowane jariri mai reno guda da zai saba da ita, wadda ta san kukan yunwarsa daga kukan barcinsa. Inda ake sauya masa fuska kowane wata, kullum sabon sabo yake farawa.

Daga shekara ɗaya zuwa uku labarin ya canza. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma da zarar ya tashi, ƙafa da hannu da baki su ne makarantarsa. Yana son ya hau, ya tura, ya cika kwano ya zubar ya sake cikawa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce 'yan shekara 1 zuwa 4 suna buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kada kuma a ɗaure yaro a kujera ko keken turawa fiye da awa guda a jere. Ta ce ɗan shekara 1 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a rana. Auna wannan da ajin da aka jera 'yan shekara biyu a benci ana cewa su naɗe hannu su maimaita haruffa. An hana su ainihin abin da shekarunsu ke nema, an ba su abin da ba zai zauna ba.

A wannan zangon ne kuma yaro ke gano kalmar "a'a" da "nawa ne". Yara biyu sun kama mota ɗaya ta roba, ɗaya ya fizge, ɗayan ya faɗi yana birgima. Mai renon da aka bar wa yara ashirin za ta daka tsawa ta ƙwace motar, rigima ta mutu, ba wanda ya koyi komai. Wadda ke da sarari za ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce, "Ka ji haushi, ko? Kana son motar. Bari ya gama, sai kai." Ba lallai ya yi shiru nan take ba. Amma an ba shi sunan abin da ke ci masa rai, kuma yaron da ya iya cewa "na ji haushi" ya kama hanyar daina cizo. Wannan karatu ne mai wuya, ya fi haddar haruffa wuya nesa ba kusa ba, sai dai ba ya fitowa a takardar sakamako, shi ya sa ba a biyan sa.

'Yan shekara uku zuwa biyar su ne aka fi yi wa gaggawa, kuma a kansu aka fi samun hujja. Tsakanin 1962 da 1967, a garin Ypsilanti na jihar Mishigan ta Amurka, an yi shirin share fagen firamare mai suna Perry da yara 123 'ya'yan talakawa baƙaƙen fata. An sa 58 a shirin, aka bar 65 domin kwatance. Zaman awa biyu da rabi ne a rana, malami ɗaya ga yara biyar ko shida, tare da ziyarar gida kowane mako. Tsarin shi ne yaro ya faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labari. Fifikon da suka samu a gwajin basira ya dusashe bayan 'yan shekaru a firamare, har wasu suka ce an yi asara. Da aka bi su zuwa shekara 40 sai aka ga sun fi takwarorinsu kammala sakandare da samun kuɗin shiga, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya ƙiyasta ribar shirin da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a shekara, ya kuma danganta akasarinta da halayen da yaran suka koya, irin su kame kai da naci.

A gefe guda akwai jihar Tenesi ta Amurka. Masu bincike na Jami'ar Vanderbilt sun bi yara kusan 3,000 da suka nemi shiga azuzuwan share fagen firamare na gwamnatin jihar, inda ƙuri'a ta raba wanda ya samu da wanda bai samu ba. Da farko waɗanda suka shiga sun yi gaba. Zuwa aji shida sun koma baya a jarrabawa, kuma an fi hukunta su kan rashin ɗa'a. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta yi nuni da yawan zaunar da yaran ana yi musu darasi da jera su a layi, da ƙarancin wasa. Ana iya jayayya kan musabbabin, amma sakamakon ya isa ya rusa tunanin cewa kowace irin makarantar share fage alheri ce. Ƙasar Finlan ba ta fara firamare sai yaro ya kai shekara 7, kuma ba a san yaranta da rashin iya karatu ba. Ɗan shekara huɗu da ke wasan likita da abokansa yana riƙe ƙa'idar wasa a ka, yana jiran layinsa, yana sasantawa kan wa zai zama maras lafiya. Da tatsuniya, da waƙa, da littafin da ake karanta masa ana tsayawa ana tambayarsa, musamman a harshen da yake ji a gida, haruffa za su zo su tarar da wurin zama.

'Yan firamare da ake ajiyewa bayan an tashi daga makaranta buƙatarsu ba ta da sarƙaƙiya: wuri mai aminci, filin gudu, abokai, da babban da zai saurare su. Sun riga sun wuni a benci, kada a ƙara musu wani.

Wani zai ce to ai gara yaro ya zauna gida. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai kamata masu goyon bayan gidajen reno su kauce mata ba. Babban binciken da hukumar lafiyar yara ta Amurka ta fara a 1991 da yara sama da 1,300 ya gano cewa yanayin gida da halin iyaye sun fi gidan reno tasiri a kan yaro. Lardin Kebek na Kanada ya buɗe reno mai rahusa ga kowa a 1997, aka faɗaɗa shi cikin sauri, daga baya masana tattalin arziki suka ga ƙaruwar damuwa da faɗa a tsakanin yaran. Sai dai ga uwar da dole ta fita nema, zaɓin ba tsakanin gidan reno da cinyarta yake ba. Sau da yawa tsakanin gidan reno ne da barin jariri a hannun yayarsa da ita ma reno take buƙata. Kuma shiri mai kyau yana ƙarfafa gidan ne. A Kingston ta Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar iyayen yara masu tsumburewa kowane mako tsawon shekara 2, suna nuna musu yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20, kuɗin shigar waɗannan yaran ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Duk inda aka juya, maganar tana komawa kan mai reno, kuma ita ce aka fi rainawa. A ƙasashe masu arziki da matalauta, reno yana cikin ayyukan da aka fi biya da ƙaramin albashi, don haka ƙwararru ba sa daɗewa, da sun samu abin da ya fi sai su tafi. Iyaye kaɗai ba za su iya ɗaukar kuɗin mai reno ɗaya ga jarirai uku ba, wannan gaskiya ce da lissafi ya tabbatar. Ƙasashen duniya sun yi alƙawari a muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa zuwa 2030 kowane yaro zai samu ingantaccen reno da ilimin share fage. Idan da gaske ake, to gwamnatoci su sa kuɗi a horar da masu reno da albashinsu, su ƙayyade yawan yaran da za a bar wa mutum ɗaya gwargwadon shekarunsu, su kuma tura masu duba aiki da za su zauna a ɗaki su ga yadda ake magana da yara, maimakon auna faɗin taga kawai. Iyaye kuma, ranar da kuka je duba wuri, ku tambayi yara nawa ke hannun kowace mai reno, da tsawon lokacin da ta yi tana aiki a wurin, sannan ku nemi izinin zama rabin awa a ɗakin da za a sa ɗanku.