AM na ta yin shiru, kuma mutanen karkara ne ke asara

Da sallar da ta wuce na je gida, bayan isha'i na tarar da kawuna a kan tabarma yana ta murɗa 'yar rediyonsa, wacce ya ɗaure bayanta da roba saboda murfin batir ya ɓata tuntuni. Ya bi layin AM daga farko har ƙarshe, ba komai sai shuuu. Ya ce "ɗan nan, wai mutanen nan sun daina aiki ne?" Na ce Kawu ai tashar jiharmu yanzu ƙarfinta duk yana FM. Ya ce to FM ɗin ai ba ta kawowa nan. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san darajar matsakaicin zango, wato AM. Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, daga na'urorinta na Jaji ake jin ta har ƙetaren iyaka, musamman da daddare, don in rana ta faɗi sautin AM yana yin nisa sosai, ga kuma gajeren zango mita 49. Lokacin Zaɓi Sonka mutum zai aika kati ya jero sunayen 'yan uwa da abokan arziki, ya zauna makonni yana jira, ranar da aka karanta kuwa a sako masa kalangu ko goge ko kukuma, ranar duk unguwa sai ta san an gaishe shi.

Ni ba na gaba da FM. Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Freedom ta zo Kano a 2003, talaka ya samu bakin magana, sauti garau, ga ta a cikin ƙaramar waya ma in ka maƙala iyafis. Na kuma san injin AM cin wuta gare shi, dizal ya yi tsada, kayan gyara sai an yi oda daga waje, masu talla duk sun bi birni, cajar waya da inbata ma suna cika sautin AM da ƙara.

Amma FM fa iyakarta gari da kewaye ne. Bafulatanin da ke ruga, manomin da ke can bakin iyaka inda ba sabis, su wa ke musu magana? Gidan rediyon gwamnati ba don riba aka gina shi ba, kuma gwamnan da ke iya sayen jerin gwanon motoci ba zai ce dizal ɗin tiransimita ɗaya ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsofaffin faya-fayan gidajen rediyon nan da aka ɗauki makaɗan fada da na noma da na mata, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma zafi da ƙura ba sa barin tef. A kwashe su a kwamfuta tun ana iya jin abin da ke ciki, kuma kowace jiha ta tayar da AM ɗinta ko da daga magariba ne zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da irin su Kawu ke zaune kusa da rediyo.