Haddar "manyan kalmomi" ba za ta fisshe ku a JAMB ba

Duk shekara idan JAMB ta matso, wata takarda tana fara yawo a Gusau, daga wuraren lesin na Tudun Wada zuwa shagunan fotokofi na Sabon Gari, yanzu kuma har a WhatsApp: kalmomin Turanci ɗari biyar, kowace da ma'ana ɗaya tak a gabanta. Yaro ya zauna yana rera su kamar waƙa, ya shiga ɗakin jarrabawa, ya tarar da kalmar da ya haddace tana kallonsa yana kallonta. Ƙannena, ba ƙwaƙwalwarku ce ta gaza ba, hanyar ce ba ta ɓullewa.

Dalili shi ne, masu tsara tambayoyi ba ma'anar kalma tsirara suke nema ba. A cikin tambayoyi 60 na Turancin JAMB, da 80 na takardar zaɓi ta WAEC, kalmar tana zuwa ne a cikin jimla, a ce ka zaɓi mafi kusa da ita ko kishiyarta yadda aka yi amfani da ita a nan. Ɗauki "sanction". A labaran duniya takunkumi ce, irin wanda ake ƙaƙaba wa ƙasa. Amma idan aka ce "the board sanctioned the payment", amincewa aka yi, an ba da izinin biya. Wanda ya haddace "takunkumi" kaɗai zai zaɓi kishiyar amsa, kuma zuciyarsa a kwance.

Mu ɗauki kalmarmu ta gida, sata. Bahaushe da ita yake yin komai, Bature kuwa ya rarraba ta. "Steal" kayan take bi: an saci waya. "Rob" mutumin ko wurin take bi: an yi wa ɗan kasuwa fashi, an yi wa banki fashi. Shi ya sa "they robbed my phone" kuskure ne, ko da kowa a layinku haka yake faɗa. Wanda ya fasa gida ya shiga, "burgle" ya yi. Ma'ajin da aka ba amanar kuɗin ƙungiya ya cinye, "embezzle". Korar shanu daga ruga, abin da ya hana mutanenmu barci a Zamfara, "rustle". Ɗalibin da ya kwafe aikin wani ya sa sunansa, "plagiarise". Ɗauke mutum kuwa "kidnap" ko "abduct". Takardar da ta rubuta maka "embezzle: sata" ba ta yi ƙarya ba, amma ta ɓoye maka abin da za a tambaye ka, wato wa ya yi, me ya ɗauka, kuma a hannun wa abin yake tun farko.

Saboda haka kowace kalma sabuwa tana buƙatar abu biyar a littafinka. Jimlar da ka tsince ta a ciki, ka kwafe ta yadda take. Ajinta, suna ce ko aikatau ko sifa. Ma'anarta da Turanci mai sauƙi, sannan da Hausa idan akwai wadda ta dace. Abokan tafiyarta, domin ana cewa "commit a crime", "accused of", "charged with", kuma a waɗannan ƙananan kalmomi ake yawan zubar da maki. Na biyar, jimlarka ta kanka a kan abin da ka sani, kasuwar Talata Mafara ko tashar mota ta Ƙaura, ba wani gari da ba ka taɓa gani ba. Idan ka kasa gina jimlar, ba ka san kalmar ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne, maganin mantuwa yana hannunmu tun kaka da kakanni, amma mun bar shi a tsangaya. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam, kuma bayan ya wanke ba ya rabuwa da tilawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, daga nan ta lafa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. Gardi bai karanta shi ba, amma da haka yake aiki. To ku ɗauko tsarin. Kalma biyar a rana, Asabar zuwa Laraba, Alhamis da Juma'a babu sabo sai tilawa. Ashirin da biyar ke nan a mako, dubu ɗaya a mako 40. Ku yanka kwalin sabulu ƙanana, kalma a gaba, jimla da ma'ana a baya, ku samu gwangwanin madara uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka amsa daidai ya haura gaba, wanda ka kasa ya koma na farko komai nisan da ya yi. Sharaɗi ɗaya: ka faɗi amsar da bakinka kafin ka juya katin. Mai juyawa ya ce "ai na sani" kansa yake ruɗa, domin gane kalma idan an gan ta daban, tuno ta daban.

Waɗanda suka taɓa karatun sarfu suna da wata riba da ba su lura da ita ba. Kun san yadda kitabu da katibu da maktaba suka fito daga tushe ɗaya. Manyan kalmomin Turanci ma haka suke, galibinsu daga Latin da Girkanci da Faransanci, musamman bayan Normawa, masu magana da Faransanci, sun ci Ingila a 1066. "Bene" alheri, "mal" sharri, sai ga "benevolent" da "malevolent", "benefactor" da "malnutrition". "Cide" kisa: "homicide", "genocide", har "pesticide" ɗin da ake fesa wa wake. "Chron" lokaci, shi ya sa ciwon da ya daɗe a jiki ake ce masa "chronic". Sai dai tushe hasashe yake ba ka, ba hukunci ba. Ba kowane "in" ne korewa ba. "Invaluable" abu ne mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi, kishiyarsa "worthless". "Inflammable" da ke jikin tankar mai yana nufin wuta na saurin kama shi. "Disinterested" kuwa alƙali ne da ba shi da wata riba a shari'ar, ba wanda abin bai dame shi ba.

Batun ƙamus a taƙaice: na Turanci zuwa Hausa yana da amfani a farko, amma ɗan SS2 ya kamata ya koma irin na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's, saboda jimlolin misali. A karanta ma'anonin duka, kada a tsaya kan ta farko. Idan a waya ne, a danna a ji furucin, domin "b" ɗin "debt" da "subtle" ba a faɗarsa.

Malamai, ku yi haƙuri, akwai namu laifin. Muna tafa wa yaron da ya cusa "plethora" da "ameliorate" a insha'i ko ba su zauna ba, sai ya ɗauka nauyin kalma shi ne ilimi. Mai makin WAEC kuwa jan biro zai sa. Kalmomin da suka fi cancantar gwangwani su ne masu matsakaicin nauyi da ke cika littattafan makaranta: "assume", "derive", "significant", "imply", "whereas". Wata mai binciken harshe, Averil Coxhead, ta tattara iyalan irin waɗannan kalmomi 570 a shekarar 2000, kuma jerin yana intanet kyauta. Ɗalibin da ke shirin shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru ya fara da su, amma ya nemo kowace a cikin jimla, daga tsofaffin takardun jarrabawa ko sharhin jarida. Shafin da ya dace da shi shi ne wanda baƙin kalmominsa ba su wuce biyu ko uku a cikin ɗari ba. Idan sun kai goma, ya ajiye, ya nemi mai sauƙi, ya dawo masa bayan wata biyu.