A daina raina mai binciken ƙwaƙwalwa da kwamfuta

Maganar da aka yaɓa wa wata yarinya da ta kammala digirinta na uku a fannin binciken ƙwaƙwalwa da kwamfuta ta tsaya mini a rai, musamman da yake ta fito ne daga bakin mai ilimi wanda ya kamata ya fi kowa sanin darajar aikin. Wai tunda ba ta taɓa feɗe ƙwaƙwalwa ba, kuma ba ta duba majiyyaci ko ɗaya ba, to shekarun da ta kwashe gaban kwamfuta tana kwaikwayon yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo wasan yara ne. Wannan magana kuskure ce babba, kuma rashin sanin tarihin fannin ne ya haife ta.

Abin da ɗalibin likitanci ke haddacewa a yau game da yadda saƙo ke gudu a jijiya, da lissafi aka tabbatar da shi. Alan Hodgkin da Andrew Huxley sun auna wutar lantarkin da ke ratsa jijiyar wata halittar teku mai suna sikwid a garin Plymouth na Ingila, saboda kaurin jijiyar ya isa a zura mata siririyar waya a ciki. A shekarar 1952 suka dunƙule abin da suka gani, wato shigar sinadarin sodiyum cikin ƙwayar jijiya da fitar fotashiyum, a cikin ƙa'idojin lissafi guda 4. Kwamfutar jami'arsu ba ta aiki a lokacin, sai Huxley ya zauna da injin lissafin da ake murzawa da hannu, ya shafe makonni yana murzawa. Lissafin ya nuna cewa saƙon zai yi gudun mita 18.8 a daƙiƙa, da aka auna a jijiyar kuma aka samu 21.2. A kan wannan aiki aka ba su kyautar Nobel a 1963. Ina so mai wancan furuci ya gaya mana ko shi ma Huxley wasa yake yi.

A lokacin, Hodgkin da Huxley ba su taɓa ganin ƙananan ƙofofin da sinadaran nan ke bi a fatar ƙwaya ba, lissafinsu ne ya nuna halayensu. Sai a 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann suka iya auna wutar da ke bi ta ƙofa guda ɗaya tak, sannan a 1998 Roderick MacKinnon ya fito da siffar ƙofar fotashiyum. Lissafi ya riga ido isa wurin da shekaru masu yawa, kuma wannan shi ne aikin da ake rainawa.

Darajar wannan bincike ita ce ba ya yarda da kame-kame. Malami zai iya tsayawa gaban aji ya ce sinadari kaza yana kwantar da ƙwaya, kowa ya gyaɗa kai a wuce. Kwamfuta kuwa sai ka gaya mata nawa ne, a wane reshe na ƙwayar, kuma na tsawon wane lokaci. Idan fahimtarka tana da giɓi, ƙwayar da ka gina za ta yi tsit ko ta yi ta harba saƙo ba ƙaƙƙautawa, kuma babu iya magana da zai rufa maka asiri. Ɗalibar da ta yi shekaru tana fuskantar irin wannan alƙali kullum ta cancanci girmamawa.

Ana cewa ai kwaikwayo ba ya kama ƙafar ƙwaƙwalwa ta gaske mai ƙwayoyi kusan biliyan 86. Babu mai musun haka, kuma masu aikin sun riga kowa faɗa. Amma girman abin shi ne ma ya wajabta lissafin. Akwai wata ƙaramar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, an zana taswirar mahaɗarsu, wato wuraren da suke miƙa wa juna saƙo, tun 1986, kuma har yau taswirar ita kaɗai ba ta bayyana dukkan halayen tsutsar ba. Sanin wace ƙwaya ke haɗe da wace bai isa ba, dole a san ƙarfin kowace mahaɗa da lokacin da take aiki, kuma babu kan ɗan Adam da zai riƙe wannan duka ba tare da na'ura ba.

Masu tambayar ina amfaninsa ga marar lafiya su dubi farfaɗiya, wadda ke damun mutane kusan miliyan 50 a duniya. A wani nau'inta mai tsanani da ke kama jarirai, ƙofar sodiyum ce ke raunana, kuma mai kallo daga nesa zai zaci hakan zai rage harbin saƙo. Amma raunin ya fi shafar ƙwayoyin da aikinsu shi ne taka wa sauran birki, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, har wasu sanannun magungunan farfaɗiya masu toshe ƙofar sodiyum su ƙara tsananta ciwon. Irin wannan sarƙaƙiya, inda zato ke kai mutum ga akasin gaskiya, ita ce ake zama a warware da lissafi tare da gwaji.

Idan akwai abin da ya dace a matsa wa masu irin wannan digiri a kai, to shi ne su riƙa sakin manhajar da suka rubuta tare da kundinsu. Takaici ne ka karanta sakamako mai kyau, ka nemi maimaita shi, ka tarar an ɓoye alƙaluman da aka cusa wa ƙwayoyin. Ya kamata masu jarraba kundi su buƙaci a kunna musu kwaikwayon a gabansu, su sauya ƙarfin mahaɗa ɗaya da hannunsu, su ga ko sakamakon zai tsaya.