Girman ƙafar keke ba shi ne gudu ba

Masu neman keken hawan duwatsu da yawa sun ɗauka cewa ƙafa mai inci 29 ta fi mai 27.5 ko 26 ta kowace fuska, wai girma shi ne gudu. Maganar da sauran gyara.

Gaskiya ne babbar ƙafa ta fi iya tsallake dutse da saiwar itace. Inda ƙarama za ta yi tuntuɓe ta girgiza maka hannu, ita sai ta haye abinta, kuma idan ta ɗauki gudu ba ta saurin saki. Amma ta fi nauyi, tashinta daga tsaye sai an danna feda sosai, a matsattsiyar kwana kuwa kamar tana gardama da kai. Gajeren mutum ya fi kowa sanin wannan: a gangara mai tsauri, da ya ja jiki baya sai tayar baya ta goge shi. Shi ya sa wasu ke haɗa 29 a gaba, 27.5 a baya.

Sunayen ma yaudara ne. Idan aka auna da'irar rim (zoben da taya ke zama a kai) daga gefe zuwa gefe, na 26 milimita 559 ne, na 27.5 kuma 584, na 29 shi ne 622, daidai da na keken tsere na kwalta. Ashe 27.5 ba a tsakiyar 26 da 29 take ba kamar yadda sunan ya nuna, ta fi kusa da 26.

Kuma kada a sa ƙaramar ƙafa a firam ɗin da aka ƙera wa babba. Keken zai sauko ƙasa, feda ta riƙa dukan duwatsu.