Agegen da muke kewa, mu muka sayar da rabinta

Duk sanda aka saka tsohon hoton Pen Cinema, gidan silimar nan na Agege a Legas, a Facebook, sai ƴan uwa su cika wurin da "Allah sarki Agege". Ni ma ina kewar, amma akwai maganar da ba ma son faɗa.

Goro ne ya kafa Zangon Agege, layin dogo ya raya shi. Tun da jirgi ya haɗa Legas da Kano wajen 1912, kakanninmu suke saukowa da shanu, su koma da huhunan goro. Wanda ya tashi a unguwar Isale Oja ya san ƙamshin nan na jiƙaƙƙen ganye da safe, ana zazzage kwando a kan tabarma, ana ware fari da ja, dattijo ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa da farce ya gaya maka ko za ta kai Kano lafiya. Baƙo ya sauka ba shi da kowa, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa a ciniki, ba takarda ba sa hannu. Mai shayi kuwa ya san wanda zai ba bashin burodin Agege har ƙarshen wata, ya san wanda zai ce wa "Malam, yau dai a taɓa aljihu." Ga wanzami a gindin bango, ga ɗaliban makarantar Larabci ta Markaz na wucewa da littattafai a hammata, ga mai tsire yana hura gawayi tun la'asar.

Yanzu fa? Silimar ta daɗe da tafiya, sunan kawai ya rage. A 2021 aka buɗe gadar sama a wurin, a shekarar kuma aka ƙaddamar da sabon layin jirgin Ibadan. Gaskiya an samu sauƙi, wanda ya taɓa maƙalewa a mahaɗar nan jirgi na tahowa ba zai yi musu ba. Masu tebur a bakin dogo dai an tashe su, kowa ya kama gabansa.

Sai dai ba gwamnati ce ta sayar da gidajen Zango ba. Mu ne. Tsoho ya rasu, magada su taru, kafin sadakar arba'in an kira dillali. A raba kuɗi, wani ya sayi mota, wani ya tafi Arewa ya kafa harsashin ginin da ba zai ƙarasa ba. Gidan da ya sauki fatake shekara da shekaru ya koma shaguna, jikan mai gidan yana biyan haya a lungun baya.

Har yau akwai mutumin da aka haifi ubansa a Agege, yana jin Yarbanci kamar ruwa, amma ka tambaye shi sai ya ce ai zaman ci-rani yake. Ci-ranin me, Alhaji, kabarin kakanka yana nan?

Ku da iyayenku suka bar muku gida a Zango, in rabon gado ya zo, ku sa ɗaya daga cikinku ya saye kason sauran, ko da biya kaɗan-kaɗan ne.